Guzurin Waya Ga Mai Niyyar Makka: Wa Ya Dace Da Sim Marar Kati?

  

A wannan watan zan ɗan ajiye batun tarbiyya da muka saba, in taɓo guzurin tafiya. Dalili kuwa shi ne, da zarar an fara biyan kuɗin kujera a Hukumar Jin Daɗin Alhazai ta Jihar Katsina, ko masu niyyar umarar azumi sun fara haɗa kaya, tambaya guda ce take ta dawowa a ajinmu na matan aure a nan Ƙofar Sauri. Wata za ta ce ɗanta ya gaya mata yanzu ba sai ta sayi sim a Saudiyya ba, wai akwai wani da ake sawa tun daga gida, ba kati, ba layi, ba dangwale, tana sauka daga jirgi za ta ji waya ta kama. Shin gaskiya ne? To, yaron bai yi ƙarya ba, sai dai rabin maganar ya faɗa. Ɗaya rabin kuwa shi ne wanda zai iya barin dattijuwa tsaye a titin Makka da waya a hannu amma ba ta iya kiran kowa.

Kakanninmu da suka bi ta Chadi da Sudan a ƙafa har bakin teku sukan yi shekaru ba a ji ɗuriyarsu ba, sai in wani ya dawo ya ce ya gan su a gari kaza. Ko Sarkin Katsina Muhammadu Dikko da ya sauke farali a 1921, ta jirgin ruwa ya bi, har ya biya ta Ingila, tafiya ce ta watanni. Da jirgin sama ya zo, sai aka koma ba 'yan jirgin farko wasiƙa, ko a kasa kunne a rediyo ko za a ji Hajiya a cikin masu gaisuwa. Wayar salula ba ta shigo mana ba sai a 2001. Yau kuwa in Hajiya ta yi wuni guda ba a ji muryarta ba, gida ya rikice ke nan, a kira wannan a kira wancan.

Ni ban ga laifin wannan damuwa ba. Waɗanda suka yi wayo a 2015 ba su manta da turmutsutsun Mina na ranar 24 ga Satumba ba, wanda a cikinsa muka rasa 'yan Nijeriya da dama, har da 'yar jarida Hajiya Bilkisu Yusuf, Allah Ya jiƙansu. Waya ba ta tare ajali, amma iyalai da yawa sun kwana sun wuni suna jiran kalma ɗaya tak daga nasu da ke raye. A hajjin 2024 kuma zafi ya haura digiri 51 a Makka, hukumomin Saudiyya da kansu suka ce mutum 1,301 ne suka rasu. A irin wannan rana, matar da ta ɓace wa ayarinta na awa biyu tana cikin haɗari na gaske. Ga shi kuma yanzu aikin kansa ya shiga waya: izinin shiga Rauda a Madina ta manhajar Nusuk ake nemansa. Saboda haka maganar layi ta zama cikin guzuri, kamar kuɗi da magani.

To mene ne shi wannan sim ɗin? A cikin waya za ki ga an rubuta shi eSIM, mu dai mu kira shi i-sim. Sim ɗin da muka sani ɗan kati ne da ake zurawa. Shi kuwa i-sim tun daga masana'anta aka dasa shi a cikin wayar, fanko, yana jiran a zuba masa layi. Kamfani zai turo miki wani zane mai kusurwa huɗu mai ɗigo-ɗigo, ki haska shi da kyamarar wayar, sai layin ya sauka ciki ta intanet. Kamar allo ne da aka wanke: allon na nan, rubutun ne ake sauyawa. Ba sabon abu ba ne ma a ƙasar nan, domin MTN ta fara gwada shi tun 2020, Airtel ta biyo baya a 2023.

Sai dai ba kowace waya ke da wannan allo ba, kuma nan ne zancen yakan ƙare ga da yawa daga cikinmu. Wayoyin iPhone daga na 2018, wato XS da XR zuwa sama, suna da shi. Manyan Samsung daga S20 na 2020 yawancinsu suna da shi. Amma mafi yawan Tecno da Itel da Infinix da ke hannunmu ba su da shi, balle ƙaramar waya mai madannai. Ba sai kin tambayi kowa ba: danna *#06# kamar za ki yi kira. In a cikin lambobin da suka fito kin ga wata doguwa mai suna EID, wayarki na ɗauka. In ba ki gan ta ba, ki bar zancen, kada wani ya karɓi kuɗinki. Ko da iPhone ce a duba, domin yawancin waɗanda aka yi wa kasuwar Chana gurbin kati biyu gare su, ba i-sim. Akasin haka, iPhone 14 da na bayanta da aka sayar a Amurka tun 2022 ba su da gurbin kati sam. Wadda ɗanta ya aiko mata da irin wannan daga can, ita ba ta da zaɓi, i-sim ne kawai hanyarta. Sannan wayar da aka yi amfani da ita a Turai aka kawo, wani lokaci kamfanin can ya kulle ta a kan layinsa, ba za ta karɓi na wani ba.

Yanzu ga rabin maganar da yaran ba su faɗa. I-sim ɗin tafiya iri biyu ne. Akwai wanda kamfanonin waje irin su Airalo da Holafly ke sayarwa ta intanet, wanda za ki saya kina zaune a ɗakinki a Katsina. Shi ne yara ke nufi. Yawancin irin wannan data ce zalla. Ba ya zuwa da lambar waya. Za ki yi WhatsApp, ki buɗe Nusuk, ki duba taswira, amma ba za ki buga wa direban mota ko jami'in alhazai ko mai masauki kira irin na yau da kullum ba, su ma ba su da lambar Saudiyya da za su same ki a kai. Akwai kuma na kamfanonin Saudiyya kansu, wato STC da Mobily da Zain. Su suna ba da layi mai lamba, ko a kati ko a i-sim, amma da rajista: fasfo da biza, kuma a shagunansu har da dangwalen yatsa.

Wata za ta ce ai ba komai, da WhatsApp zan riƙa kira. A yi hattara. An yi shekaru da dama kiran WhatsApp ba ya shiga a kan layukan Saudiyya, duk da cewa rubutu da hoto da saƙon murya suna tafiya lafiya lau. Don haka kada ki gina shirinki a kansa. Ki saba da saƙon murya tun yanzu, ki kuma koya wa wadda za ki tafi da ita.

Ga yadda nake ganin lamarin, kuma ra'ayina ne. Dattijuwar da ba ta karatun boko, wadda abin da ta iya shi ne danna kore ta amsa kira, ba ruwanta da i-sim. A bar ta da ƙaramar wayarta mai riƙe caji kwana uku, a saya mata sim na Saudiyya mai lamba, a zuba mata kuɗi, a sa igiya ta rataya a wuya cikin hijabi. In ta ɓace, duk wanda ya tsince ta zai iya kiran 'yan ayarinta da wayar, su ma za su iya kiranta. Na ga 'ya'ya masu son burgewa suna saya wa uwa babbar waya ana saura kwana biyu tashi, su cika ta da manhajoji, su ce komai an shirya. Wannan ba gata ba ne. Ranar da wayar ta nuna wani rubutu da Turanci ta danna inda ba daidai ba, shi ke nan, ɗan da ya shirya yana Katsina, ita tana Misfala.

Wadda i-sim zai yi wa rana ita ce mai jini a jika, wadda ta saba da babbar waya, musamman in ita ce ke rakiyar uwa ko uwar miji. Babban amfaninsa a wurinta shi ne awannin farko. Daga sauka a Madina ko Jidda zuwa samun ɗaki, ga binciken fasfo, ga jiran kaya, ga jiran mota, ana iya cin rabin yini, kuma ba kullum jami'ai ke bari a tsaya layin sayen sim ba. A wannan tsakanin ne gida ke cikin zullumi, a nan ne kuma aka fi rabuwa da juna, a sa uwa a wata mota 'ya a wata. Mai i-sim tana kunna waya za ta aika cewa mun sauka lafiya. Ga mai umara ta mako biyu, wadda kamfanin tafiyarta ke magana da su ta WhatsApp, yana iya isarta har ta dawo. Ga mai hajji kuwa, wadda za ta yi wata guda ko fiye, shawarata ta sayi ɗan ƙarami na kwana 7 don sauka, in ta huta ta nemi layin Saudiyya mai lamba. Na can yakan fi araha in zama ya yi tsawo. Aƙalla dai a kowane ɗaki a samu mace biyu masu lambar Saudiyya.

Tun da na ambaci dangwale, bari in yi wata magana da ta shafe mu mu kaɗai. Mun saba in za a yi tafiya a zauna a sha ƙunshi. Lalle mai kauri a kan tafin yatsu yana hana na'ura karanta zanen yatsa. Ko hukumar JAMB ta sha gargaɗin 'yan mata a kan haka lokacin rajista. A filin jirgin Saudiyya za a ɗauki yatsunki, a shagon sim ma haka. In ba makawa sai kin yi, a yi a bayan hannu da ƙafa, a bar kan yatsu fari. Kuma kada ki dangwala wa kowa yatsa a bakin titi don ya ce zai ba ki sim kyauta. Ba ki san layi nawa zai buɗe da sunanki ba, ba ki kuma san abin da za a yi da su ba. Ki shiga shagon kamfani, ko ki bi ta hannun jami'anku.

Sai batun layinki na gida, wanda a wurina shi ne alheri mafi girma da i-sim ya kawo. Da, in mace ta sayi sim a can, sai ta cire na gida ta ƙulle a bakin zane ko ta jefa a jaka, ranar dawowa a neme shi a rasa. Alhali a kan layin nan bankinki yake, a kansa ake turo alat da lambar sirrin da ake tabbatar da fitar kuɗi. Da i-sim, katin gida na zaune a gurbinsa, data na tafiya ta ɗaya layin. Kafin ki tashi ki je ofishin kamfanin layinki a tabbatar an buɗe masa romin, wato damar aiki a ƙasar waje, don saƙon banki ya riƙa iso ki. Amma a cikin waya ki tabbata an kashe data a kan layin gida, an ɗora ta a kan i-sim. In aka bar ta a buɗe, kuɗin da ke kai zai ƙare kafin ki fita daga filin jirgi. Ki kuma sani a romin har amsa kira ana cajin ki, don haka a gaya wa dangi kada a yi ta bugowa a wannan lambar.

WhatsApp ɗinki kuwa yana nan a kan lambarki ta Nijeriya, ko wane layi ke ba shi data. In ya tambaye ki ko za ki koma sabuwar lamba, ki ce a'a. Da yawa sukan amsa da e, sai su dawo gida da WhatsApp a kan lambar Saudiyya da ta riga ta mutu.

Akwai masu ba da shawarar a juya abin: a mai da layin gida ya zama i-sim a ofishin MTN ko Airtel, a bar gurbin kati fanko don sim na Saudiyya. Dabara ce, kuma tana aiki. Amma ni ba na son ta ga matafiyi. Kati in waya ta faɗi ta fashe, sai ki zare ki sa a ta maƙwabciyarki. I-sim ba ya zaruwa. In wayar ta mutu a Makka, layin bankinki ya tsaya ke nan sai kin dawo.

Wajen saye, a sa wanda aka amince da shi, ɗa ko ƙane ko maigida, ya saya daga manhajar kamfanin kai tsaye. Da Dala ake biya. Tun 2022 yawancin bankunanmu suka dakatar da sayayyar waje da katin Naira, sai a 2025 wasu suka dawo da ita, kowanne da iyakarsa, saboda haka a gwada katin da wuri. A duba abu biyu: giga nawa ne, kuma kwana nawa. Akan sayar da na kwana 7, da 15, da 30. Yawanci kwanakin na fara ƙirguwa ne daga lokacin da layin ya kama sabis a Saudiyya, amma akwai masu fara ƙirga tun ranar da aka sa, sai a karanta. Wanda aka ce ba ya ƙarewa ma, in kin ci wani adadi a rana sai ya koma tafiyar hawainiya.

A sa shi a waya tun a gida, kwana ɗaya ko biyu kafin a kira ku sansanin alhazai, domin saukar da shi na buƙatar intanet mai ƙarfi. Kada a bari sai a filin jirgin Umaru Musa 'Yar'adua ana kiran suna. Bayan an sa, a kashe shi, a nuna miki inda za ki kunna, ki gwada da hannunki sau uku a gaban wanda ya sa. Shi i-sim ɗin tafiya sai an buɗe masa romin na data yake aiki, shi kaɗai, ban da layin gida. Wannan ne ke rikita mutane. Abu na ƙarshe a nan: kada ki goge shi. Zanen nan sau ɗaya yake aiki a mafi yawan kamfanoni. In waya ta ƙi kamawa, ki kashe ta ki kunna, amma kada ki bari wani mai karambani a mota ya ce bari ya cire ya sake sawa.

Data kuma ba ta da albarka a hannun mai zumunci. Kina cikin zauren dangi, da na unguwa, da na 'yan ajinku, da na adashi, kowa na turo bidiyon biki da wa'azi. In ba a hana WhatsApp sauke su da kansa ba, giga biyu ba za ta kwana uku ba. A rufe wannan tun a gida. Manyan abubuwa a bari sai an koma masauki in akwai wayifai.

Duk da haka ina so mu san iyakar abin. A 2024 mutum fiye da miliyan 1.8 ne suka tsaya a Arfa. In irin wannan taro ya haɗu a kwarin Mina, ko a daren Muzdalifa, sabis yakan yi nauyi, ga wurin caji ya zama abin rububi. I-sim ɗin waje a kan turakun kamfanonin Saudiyya yake hawa, don haka bai fi su ƙarfi ba. Ki tafi da fawa bank, a jakar hannu, domin ba a yarda a sa shi a kayan awo ba. Sannan ki rubuta a takarda, da biro, sunan masaukinku da lambar tantinku, da lambar jami'in ƙaramar hukumarku, da ta mace biyu 'yan ɗakinku, da ta maigida. In da hali wani ya rubuta sunan masaukin da Larabci. Ki ƙara da 911 ta agajin gaggawa a Makka, da 997 ta motar asibiti. Takardar ta zauna tare da katin Nusuk, wanda tun 2024 ba a yawo sai da shi. A Harami kuma ku riƙa tsai da wurin haɗuwa da lambar ƙofa kafin ku shiga, alal misali Ƙofar Sarki Abdul'aziz mai lamba 1 ko ta Sarki Fahad mai lamba 79. Mai data tana iya tura wa 'yar'uwarta inda take a taswira ta WhatsApp har na awa 8, amma wannan ƙari ne a kan alkawarin baki.

Saura abin da ba na waya ba. Layin da ba ya yankewa yana kai labarinki gida, yana kuma kawo miki gida har cikin Harami. Kin bar yara a hannun kaka ko abokiyar zama, sai ga saƙo: wane ya ƙi zuwa makaranta, wance ta ce kaza, an taɓa miki kwanuka. Na san matan da suka fito daga ɗawafi suka zauna sauraren ƙorafin minti goma, suka tashi da zuciya a dagule, alhali ba abin da za su iya yi daga can. Kuɗin kujera miliyoyi ne, wata shekaru ta yi tana tarawa, wata gona aka sayar. Kafin ki tafi ku zauna da maigida ku tsai da mutum ɗaya da zai riƙa ba ki labarin gida, ku kuma tsai da lokaci. Saudiyya na gabanmu da awa biyu, don haka in kin dawo daga sallar isha'i, nan Katsina ana shirin magariba ne ko an idar, yara duk suna gida. Saƙo ɗaya a wannan lokaci ya wadatar. Ki gaya musu tun yanzu cewa daga 8 ga Zulhajji zuwa 12 ko 13 za su iya jin ki shiru, kuma shirun ba ya nufin wani abu ya faru. A ba su lambar jami'inku da sharaɗin ba za a kira shi ba sai da dalili mai ƙarfi.

Ranar dawowa, jirgi na sauka, ki kashe i-sim ɗin ki mayar da data kan layin gida. In kamfanin na bari a sake zuba masa data, ki bar shi a wayar, wataƙila Allah Ya sake kira. Masu tambaya a kan riƙe kuɗin guzuri, tsakanin tsaba da kati, ku yi haƙuri sai fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu.